Jan Layi a Jawabin Maraba

Har yau idan mai karanta labarai a rediyo ya faɗi kalmomin nan biyu na Turanci, waɗanda ake faɗa idan tattalin arziki ya suɓuce yana faɗowa ƙasa ba abin da ke riƙe da shi, sai in miƙa hannu in kashe rediyon. Matata ta gaji da tambaya ta daina. Kalmomin ba su yi min komai ba. Daidai suke, daidai na rubuta su, kuma ko gobe aka ba ni biro su zan sake rubutawa. Mutum ne ya yi min laifi, mutumin da muka shekara biyar muna cin tuwo a kwano ɗaya a kwalejin horon malamai.

Garinmu yana tsakanin Dutse da Jahun. Sai ka sauka daga kwalta, ka bi hanyar burji, ka haye wani kwalbati da ke kan rafi, sannan ka hango rumfunan kasuwa. A da kasuwar nan cika take ta batse. Gyaɗa, riɗi, gero, man gyaɗa a kwalabe, ƙuli-ƙulin matan unguwarmu da har direbobi ke saye su kai tsaraba. Babana shi ne sarkin awo. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma abin da aka san shi da shi ɗaya ne: mudunsa ba ƙari ba ragi. Idan mai saye da mai sayarwa suka yi gardama, sai a ce a kai wa Baba ya auna, magana ta ƙare.

To, a zamanin mulkin soja, bayan an ba mu jiha da 'yan shekaru, wata damina ruwa ya zo ya cinye kwalbatin nan ƙarmus. Ga wahalar man fetur, ga taki ya yi tsada. Wane direba ne zai yi zagayen rabin yini don ya zo garinmu? Manyan motoci suka ɗauke ƙafa. Kasuwa ta fara ramewa muna kallo. Mata suka daina matsar mai saboda ba mai saye, mahauta suka koma yanka akuya ɗaya su wuni suna korar ƙuda. Baba yakan fita da mudunsa da tabarmarsa kamar kullum, ya dawo da la'asar hannunsa ko ƙurar gero babu.

Ni a lokacin ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren garin. Duk wasiƙar da ta shigo gidanmu, ko gidan maƙwabta, ni ake kawo wa. Baba ba ya yabon ɗa, ai bai dace ba, amma na sha ganin yadda yake gyara zama idan ina karanta masa takarda, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, in na gama ya ce, "To, madalla." Wannan madallar ta fi min takardar shaidar da aka ba ni a kwaleji.

Sai labari ya zo cewa kantoman ƙaramar hukuma zai kawo ziyara. Al'adarmu a irin wannan rana sananniya ce. Dattawa sukan zauna a ƙofar gidan dagaci su faɗi kokensu da Hausa, wani ya mayar da shi Turanci a matsayin jawabin maraba. Kafin a rufe takarda sai a maimaita musu da Hausa layi-layi, su ce haka ne, dagaci ya dangwala yatsa. Ranar taro kuma mai rubutu ba ya magana. Sakataren ƙungiyar ci gaban gari shi ke karantawa, shi ke yin tafinta tsakanin baƙo da mutanen gari. Sakataren kuwa shi ne aminin nawa, wanda a lokacin yake aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, yana kuma da ɗakin haya a Yalwawa cikin Dutse saboda yana neman a mayar da shi can.

Da aka zo maganar wa zai rubuta, aka ambace ni, sai wani dattijo ya ɗan yi gyaran murya ya ce yaran boko sukan sa nasu a ciki. Baba, wanda zai iya wuni a taro bai ce uffan ba, ya ɗago kai ya ce, "Ku ba shi. Ni na tsaya masa. Yadda kuka faɗa haka zai auna, ba ƙari ba ragi." Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa jin ya ce haka a kaina ba, kuma a gaban mutane.

Dattawa suka yi ta faɗa ina rubutawa. Kwalbati, taki, rijiyar burtsatse. Da aka zo kan kasuwa, sarkin fawa, tsoho mai zafin baki, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Malam, kada ka rubuta wai kasuwa ta ja baya. Ja da baya ai mai ƙafa ne, yana iya dawowa. Tamu faɗowa take kamar guga ya tsinke a rijiya. Haka za ka rubuta." Kowa ya ce haka ne. Baba ma ya gyaɗa kai.

Kwana uku na yi ina fama da wannan layi ɗaya. Kai, Turanci da wuyar sha'ani yake! Akwai kalmar da ke nufin raguwa a hankali, na ce ba ita ba. Akwai wadda ke nufin an riga an rushe an gama, na ce ita ma ba ita ba, don kasuwarmu tana numfashi tukuna. Na yi ta juya ƙamus ɗina da bangonsa ya daɗe da cirewa, har na faɗa kan kalmomi biyun nan. Na duba misalan da aka bayar. Na tuna na sha jin su a rediyo idan ana maganar darajar kuɗin wata ƙasa. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, na ce bari in kai wa wanda ya san bakin manya. Ranar Asabar na hau motar haya zuwa Dutse, na same shi a Yalwawa yana wanke hularsa a ƙofar ɗaki.

Ya goge hannu ya karɓi takardar. Da ya iso layin sai ya yi tsalle ya tafa. "Kai, Bature! Wannan ita ce maganar! Ina ka tono ta?" Ya shiga ɗaki ya ɗauko jan biro, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin, ya ce, "Nan zan ɗaga murya. Sai ya ji a jikinsa." Na ce, "Mutumina, ka tabbata ba ta yi zafi ba? Ka fi ni sanin mutumin." Ya ce, "Haba! Zafin me? Gaskiya ce fa. In ba mu faɗa ba wa zai faɗa?" Muka sayi dafa-duka a bakin titi muka ci tare, ya raka ni tasha.

Takardar da na kai masa dama bugun tafireta ce, ɗaya daga kwafi uku, kuma ita aka ware don karantawa. Ba a ɓoye ba, da rana tsaka aka maimaita wa dattawa a ƙofar gidan dagaci, Sakatare da bakinsa ya maimaita, ya ce gugan da ya tsinke ga shi nan a Turance. Suka ce haka ne. Dagaci ya dangwala yatsa.

Ranar ziyara an kafa rumfa a filin makaranta, an gasa rago, mata sun kawo fura a ƙore sababbi. Tun hantsi muke zaune, kantoma bai iso ba sai bayan azahar, kuma ya iso a fusace saboda zagayen da motarsa ta sha. Ni ina zaune a bayan dattawa, daidai bayan Baba. Sakatare ya miƙe cikin babbar riga mai aiki ya fara karantawa. Ya karanta godiya, ya karanta kwalbati. Da ya iso jan layi ya ɗaga murya kamar yadda ya ce zai yi.

Kantoma ya cire tabarau. Ya ɗaga hannu, Sakatare ya tsaya. Ya ce a miƙo masa takardar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi magana da Turanci, a hankali, irin maganar da ta fi tsawa ban tsoro. Ya ce wato a ƙarƙashin wannan gwamnati ne tattalin arziki ke faɗuwa haka? Wato abin da mutanen garin nan suka tara shi su faɗa masa ke nan? Ya ce wa ya rubuta wannan?

A zamanin nan wannan tambaya ba wasa ba ce. Na ga gumi ya tsatso a goshin aminina. Na ce a raina, yanzu zai ce ranka ya daɗe, kasuwarmu ake nufi, ga dattawan nan ka tambaye su. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma sai na ji ya rusuna ya ce, da Turanci, ina ji da kunnena: "Ranka ya daɗe, wani malamin makaranta ne. Bai san yadda ake amfani da kalmomin ba, ya tsinto su ne a littafi. Dattawa cewa suka yi kasuwa tana buƙatar ɗan tallafi. Ni ma yanzu nake ganinsu."

Yanzu yake ganinsu! Da jan layinsa a ƙasa!

Dagaci ya ga fuskar baƙo ta canza, ya ce, "Sakatare, me ake ciki ne?" Sai Sakatare ya juyo ga dattawa, ya ce da Hausa, ba tare da ya kalli inda nake ba, "Allah ya ba ku haƙuri. Malam ne ya sa abin da ba ku faɗa ba. Abin da ya rubuta, ma'anarsa gwamnati ta ruguje. Ina nan ina ba da haƙuri."

Na miƙe tsaye. Bakina cike da magana. Na ce, "Ƙarya ne, wallahi ƙar..." Baba bai ko juyo ba. Ya ɗaga hannunsa na dama kawai ya ce, "Zauna." A garinmu ɗa ba ya ɗaga murya a taron da ubansa ke zaune, balle a gaban baƙo, balle bayan an ce masa zauna. Shi ma Sakatare ya san haka sarai, a kan haka ya dogara. Na zauna.

Kantoma bai taɓa ragon nan ba. Ya shiga mota ya tafi, fura ta wuni a rana ta yi tsami. Kwalbati kuwa sai bayan shekaru aka waiwaye shi.

A gida na durƙusa gaban Baba na rantse masa. Na ce abin da sarkin fawa ya faɗa shi na rubuta, na ce Sakatare ne ya ja layin da hannunsa a Yalwawa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ni ban san Turanci ba. Ku biyu kuka sani. Ɗaya ya ce fari, ɗaya ya ce baƙi. Amma na ga fuskar baƙo da idona, kuma ni na tsaya maka a gaban mutane." Ya miƙa hannu, na ba shi kwafin da kantoma ya jefar a kan tebur, mai jan layin, wanda na tsinta bayan an watse. Ya ninke shi ya sa a aljihu. Bai ƙara ce min komai a kai ba.

Za a ce me ya hana in kawo wani ya karanta masa? Na gwada mana. Na je wurin shugaban makarantarmu, ya karanta, ya ce, "Malam, Turancinka ba kuskure, ko a jarrabawa maki cikakke ne." Na ce to ranka ya daɗe, taho ka faɗa wa Baba. Sai ya hau gyaran takardun kan teburinsa, ya ce shi albashinsa daga ƙaramar hukuma yake fitowa, kada in sa shi a ciki. Sauran malamai biyu da suka iya karatun suka fara sauya hanya idan sun hango ni. Ni kuma ga zuciya. Na ce to shi ke nan, ba zan ƙara roƙon kowa ba, gaskiyata ta ishe ni. Wauta ce, na sani yanzu.

Ba a yi wata biyu ba takardar canjin wurin aiki ta zo min, aka jefa ni wani ƙauye can bayan Garki. Shi kuwa aka mayar da shi Dutse kamar yadda yake so. Canjin bai dame ni ba sosai, ko'ina akwai allo da alli. Abin da ya karya ni, wani hutu da na dawo gida ina zaune a zaure, sai aka kawo wa Baba wasiƙa daga ƙaninsa da ke kudu. Na gyara zama, na miƙa hannu kamar yadda na saba. Baba ya kalli wasiƙar, ya sa ta a aljihu, ya ce, "Bari, ka huta. Sakatare zai shigo gari ranar Juma'a." Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Na shiga ɗakin Inna, ni da gemuna, na yi kuka.

Shekaru suka wuce, soja suka tafi, aka shigo zamanin shari'a. Sai ga mutumina an sa shi a wani kwamitin sulhu, ya tsayar da gemu, ya koma fararen kaya. Wata Juma'a na shigo Dutse karɓar wasu takardu, bayan an sallame salla na ji wani yana yi wa mutane nasiha a ƙofar masallaci kan shaidar zur, yadda take halaka mai yinta. Muryar ba baƙuwa ba ce. Na tsaya har ya gama, na tare shi wajen takalma.

Ya rungume ni kamar ba komai. "Bature! Kana duniya?" Na ce ina nan. Na ce nasiha ta yi kyau. Ya gane inda na dosa, ya ja ni gefe ya rage murya. "Haba mutumina, har yanzu? Ka san zamanin fa. Da na amsa, ni da kai duka za a kwashe. Ni ga iyali, ga ƙannena a kaina. Kai ai malami ne, ko'ina za ka ci abinci." Na ce, "Na ji. Ban zo neman aikina ba, ban zo neman ka tsaya a kasuwa ka tona kanka ba. Abu ɗaya nake so. Baba ya tsufa, idonsa ya fara rufewa. Ka zo, daga kai sai shi a zaure, ka ce masa ɗanka bai ƙara ba bai rage ba. Shi ke nan, na yafe maka duniya da lahira." Ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce, "Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda. Ka sa a yi mana dambu."

Na sa matata ta yi dambu. Na zauna a ƙofar gida tun safe ina kallon hanya. Asabar ta biyu ma na zo daga bayan Garki na zauna. Ta uku Inna ta ce, "Kai, ka daina wahalar da yarinyar nan da dambu." Na aika masa saƙo sau biyu, aka ce yana taro.

Baba ya rasu da kaka, ana cikin roron gyaɗa. Ranar sadakar uku sai ga mota ta tsaya, Sakatare ya fito da fararen kayansa. Aka matsa masa a sahun gaba, dagaci ya ce shi zai yi mana addu'a. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Baba mutum ne da bai taɓa tauye mudu ba. Kowa ya ce amin. Ni ma na shafa, don addu'ar ubana ce, amma da ya miƙo min hannu na ba shi yatsu biyu na janye.

Bayan an watse Inna ta kira ni ta buɗe adakar Baba. Ga carbinsa, ga tsohon mudunsa, ga hular da yake zuwa idi da ita. A cikin hular akwai takarda a ninke, ta yi laushi, ta yi baƙi a wuraren ninki saboda yawan taɓawa. Kafin in warware na hango jan layin ta baya.

Na ce, "Inna, ashe bai yar da ita ba?"

Ta ce, "Yarwa? Duk sanda ya ji an ce baƙo mai boko ya shigo gari, ko malamin asibiti, ko masu rigakafi, sai ya ɗauke ta ya sa a aljihu ya fita. Ya je ya gaishe su, ya zauna, ya dawo da ita yadda ya fita da ita. Rannan na ce, Malam, ka ba su mana su karanta maka ka huta. Sai ya ce, in suka karanta aka ce gaskiyar Sakatare ce, to na rasa ɗa ke nan. In kuma aka ce gaskiyar yaron ce, da wane ido zan kalle shi, ni da na ce masa zauna?"

Na warware takardar. Ga yatsan dagaci, ga kalmomina biyu, ga layin da aminina ya ja a ƙofar ɗakinsa a Yalwawa. Na zauna a bakin gadon Baba na karanta wa Inna jawabin tun daga godiya har ƙarshe, ina mayar mata da Hausa layi-layi kamar yadda ake yi wa dattawa. Har gugan da ya tsinke na mayar mata, ban tsallake ba. Na gama, kaina a sunkuye, ina jiran in ji "To, madalla." Inna ba ta san me nake jira ba. Ta karɓi takardar, ta mayar cikin hular, ta rufe adaka.